Shagon Turin Barkwanci a Tudun Wadar Zariya: Amfaninsa Yana Cikin Kallo na Biyu

Shagunan da ake tura wa mutane fina-finai a waya da memori sun yi yawa a Zariya, tun daga Samaru da Kwangila har zuwa Sabon Gari da cikin Birni, kuma galibinsu aikinsu iri ɗaya ne: mutum ya miƙa wayarsa, ya faɗi sunan abin da yake so, a tura masa, ya biya ya kama gabansa. Shagon da nake son yin bayani a kansa yana Tudun Wada, a wani layi da ba shi da nisa da babban titin da ya nufi Ƙofar Doka. Abin da ya raba shi da sauran shi ne mai shi ya mayar da hankalinsa kacokan a kan fina-finan barkwanci, sannan ya tsara su bisa wata ƙa'ida da ban taɓa ganin wani mai turi ya bi ba. Ya kasa su gida biyu, waɗanda ake kallo sau ɗaya a goge, da waɗanda ake ajiyewa saboda dariyarsu tana ƙaruwa ne idan an maimaita su. Na daɗe ina hulɗa da shagon, ni da iyalina, kuma ra'ayina shi ne wannan tsari nasa yana kan hanya, ya cancanci mai son raha ya je ya gwada, duk da cewa akwai wuraren da aikin ya gaza, waɗanda zan faɗe su ba tare da sakaye ba.

Wurin kansa ƙarami ne. Akwai tebur mai ɗauke da kwamfuta biyu, da benci guda a ciki da wani a waje, da allon cajin waya a jikin bango, sai ƙaramar talabijin da ake nuna wa mai saye ɗan somin-taɓi kafin a tura masa. Yana aiki da wutar sola, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar da shi, kuma babu ƙarar janareta da za ta hana mutum jin abin da ake nuna masa. Mai shagon matashi ne mai natsuwa, tare da wani ƙaninsa da ke taya shi aiki da yamma.

Tambayar farko da yake yi wa baƙo ita ce ta fara jan hankalina. Ba ya cewa wane fim kake so. Abin da ya ce mini shi ne, "Malam, wa zai kalla? Kai ne, ko yara, ko kuwa Hajiya za a kai wa?" Daga amsar da aka ba shi ne yake buɗe foldar da ta dace, ya nuna minti biyu ko uku na abu kaza, yana kallon fuskar mai saye fiye da yadda yake kallon talabijin. Idan ya ga fuska ba ta motsa ba, sai ya canza ba tare da gardama ba. Idan kuma mutum ya ƙyalƙyale da dariya nan take, ba lallai ne ya ce a ɗauka ba, na sha ji yana cewa, "Wannan yanzu ya gama yi maka aikinsa, gobe ba za ka sake yi masa dariya ba." Ɗan kasuwar da zai iya faɗa wa mai saye haka, alhali kuwa kuɗin turi ɗaya ne, ya san hajarsa kuma yana mutunta mai zuwa wurinsa.

Foldar da yake kira ta ajiya ita ce zuciyar shagon, kuma a kanta nake son in tsaya. A cikinta akwai abin da ya samu na tsofaffin wasannin talabijin na Kaduna, musamman na Samanja, wato marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja wanda ya rasu a watan Nuwamba na shekarar 2023, da ɗan abin da ya rage na wasannin marigayi Kasimu Yero, ɗan Zariya wanda ya rasu a 2017. Akwai kuma tarin fina-finan camama na marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, da zaɓaɓɓu daga na su Bosho da Daushe. Daga waje ya ajiye na Charlie Chaplin, waɗanda ba a magana a cikinsu, da na Mr Bean, wanda Rowan Atkinson ya fara fitowa da shi a talabijin ɗin Ingila a 1990. Ba duk fim ɗin waɗannan mutane ne ya shiga foldar ba. Na lura cewa ko a na Ibro, da yawa ya bar su a gidan kallo ɗaya, kuma da na bi su na duba sai na ga yana da hujja.

Hujjar ita ce barkwanci iri biyu ne ta fuskar abin da ke haifar da dariyar. Akwai wanda ya dogara da ba-zata: mutum ya zame ya faɗi, ko a buɗe ƙofa a tarar da wanda ba a yi tsammani ba, ko a ƙarasa magana da kalmar da ba ita aka jira ba. Irin wannan yana da ƙarfi a karon farko, amma da zarar an san abin da zai faru, an cire masa ƙashin baya. Akwai kuma wanda ya dogara da hali, wato an gina mutum mai wata ɗabi'a da ba ya iya rabuwa da ita, kamar rowa ko cika baki ko tsoro ko son girma, sannan aka jefa shi cikin yanayin da wannan ɗabi'a za ta ja masa wahala. A nan sanin abin da zai faru ba ya rage komai, ƙarawa ma yake yi, domin mai kallo yana ganin mutumin yana tafiya da ƙafarsa zuwa ga abin da zai kunyata shi, yana kuma taƙama a kan hanya. A kallon farko dariyar tana zuwa bayan abin ya faru. A kallo na biyu tana fara zuwa tun kafin ya faru, ta kuma ci gaba har ya wuce, shi ya sa take fin ta farko tsawo da daɗi.

Samanja shi ne misali mafi bayyana. Ba wanda ke kallonsa domin ya san ƙarshen labari. Abin kallon shi ne mutumin da ya ɗauki tsarin bariki ya ɗora wa rayuwa baki ɗaya, yana ba da oda a inda ake buƙatar lallashi, da Hausarsa ta barikin soja wadda ta cakuɗe da Turanci, kuma yana yin komai da cikakkiyar gaskiya a ransa. Wanda ya fara kallo yakan shagala da ƙoƙarin fahimtar maganar da bin labarin. Sai a karo na biyu ne yake samun sukunin lura da tsayuwarsa, da yadda yake zare ido kafin ya buɗe baki, da yadda na ƙasa da shi suke ƙame jiki suna haɗiye abin da ke bakinsu. Kasancewar Baba Pategi ya yi aikin soja da gaske ya sa waɗannan ƙananan abubuwa suka fito daidai, kuma su ne ba sa tsufa. Haka ma Ibro: ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasan kwaikwayo, ya san mutane iri-iri, kuma mafi kyawun wasanninsa su ne waɗanda ya tsaya a kan hali guda ya tatse shi, ba waɗanda aka cika da guje-guje da doke-doke ba.

Akwai wani tsohon fim na camama a cikin foldar da mai shagon ya nace sai na ɗauka, wanda a ciki wani magidanci yake ɓoye wa mai binsa bashi, ya sa yaronsa ya ce ba ya nan. Da muka kalla da farko a gida, dariyar da aka yi ba ta taka kara ta karya ba, domin kowa ya san irin wannan labari. Da aka sake kunnawa bayan wani lokaci, sai matata ta nuna mana abin da ya wuce mu duka: tun daga farkon wurin, takalman magidancin suna ajiye a bakin zaure, mai bin bashin kuma yana ta kallonsu yana gyaɗa kai alhali yaron yana rantse-rantse. Ba a ce komai a kan takalman ba, kyamara ma ba ta matsa kusa da su ba. Tun daga ranar, duk lokacin da aka zo wurin nan, ana fara dariya ne tun mai bashin bai yi sallama ba. Irin wannan fim kamar ɗumamen tuwo yake, wanda kwanan da ya yi ne ya ƙara masa garɗi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, kuma ina ganin shi ya sa tsarin shagon ya karɓu a wurin dattawan unguwa. Wasan tashe da yara ke fara yi daga goma ga watan azumi, kowace shekara kusan iri ɗaya ne, da shigar da aka saba da kalmomin da kowa ya haddace, amma ba a taɓa cewa a daina domin an gani bara ba. Ɗan kama idan ya tsaya yana kwaikwayon mai wa'azi da sunayen abinci, masu sauraro sun san inda zai dosa, jiran isowarsa wurin ne daɗin. Barkwancin da ke tsakanin Zagezagi da Kanawa, ko tsakanin Fulani da Barebari, ko na jika da kaka da na taubasai, zolaya ɗaya ce ake ta juyawa tun kaka da kakanni, kuma wanda ya zo da sabuwa fil ba lallai ne ya fi wanda ya iya faɗin tsohuwar a daidai lokacinta samun dariya ba. Maimaici yana cikin jinin rahar Hausawa. Abin da mai shagon ya yi shi ne ya gane cewa wasu fina-finan sun gaji wannan ɗabi'a, wasu kuma ba su gaje ta ba, sai ya ware su.

A nan ne kuma amfanin memori yake fitowa fili. Tun da kasuwar faifan bidiyo ta durƙushe, masu shirya fina-finai da yawa suka koma saka ayyukansu a YouTube, kallo ya zama abin da ake biya da data. Wanda yake lissafin datarsa ba zai kalli abu ɗaya sau uku ba, zai gwammace ya nemi sabo, ko da sabon bai kai tsohon ba. Dattijuwar da ke riƙe da ƙaramar waya a cikin Birni ba ta ma da hanyar shiga can. Amma abin da ke kan memori, ko a saka shi a waya ko a jikin talabijin, ana iya kunna shi kullum bayan sallar isha'i ba tare da an ƙara ko kwabo ba. Ga barkwancin da ke buƙatar maimaici, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wasu maganganun ba sa shiga bakin mutanen gida sai an ji su sau da yawa, har a wayi gari yaro ya yi wani abu, wani ya jefa masa maganar cikin fim, gida ya ɗauki dariya ba tare da an kunna komai ba.

Sai dai tambayar nan ta wa zai kalla tana da tushe, domin abin da ke cikin foldar ajiya ma ba kowa yake yi wa dariya ba, kuma gidana shaida ne. Mahaifiyarmu tana iya yini tana kallon Samanja, amma Mr Bean ba ya ba ta dariya ko kaɗan. Abin da take gani shi ne babban mutum yana abin kunya a bainar jama'a, sai tausayinsa ya kama ta, ta ce a kashe, Allah ya shirye shi. Yarana kuwa akasin haka ne: Mr Bean da Chaplin suna kwantar da su da dariya ko sau nawa aka kunna, domin jiki ne ke magana, amma Samanja yana wuce su, saboda ba su tashi a zamanin da soja ke mulki ba, ba su san nauyin da kakin ke da shi a idon mutane a wancan lokaci ba, balle su ji daɗin ganin an mayar da shi abin raha. Matata ta fi son barkwancin cikin gida, na kishiyoyi da surukai da 'ya'yan da ke jiran gado, irin wanda ake yi a shirye-shirye masu dogon zango na tashoshi kamar Arewa24, inda dariyar take cikin habaici da gugar zana. Ƙanina kuma ba ya ɗaukar komai sai fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, kuma abin da ke ba shi dariya ba labarin ba ne, jin karin maganar Kano da zaurancen 'yan kasuwa suna fita daga bakin Ba'indiye ne.

Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma abin da na fi yabawa a wurin mai shagon shi ne shi ma bai ga laifinsu ba. Dariya tana buƙatar mutum ya san ƙa'idar da aka karya. Wanda bai san yadda ake girmama suruki ba, ba zai ga abin dariya a wurin wanda ya yi wa surukinsa katoɓara ba. Wanda kuma ƙa'idar ta yi masa nauyi ƙwarai a rai, kamar mahaifiyarmu game da kamun kai, karya ta ɓacin rai take jawo masa maimakon dariya. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu kowa yake da nasa wuri, gwargwadon shekarunsa da garin da ya tashi da abin da ya gani a rayuwa. Zariya kuwa gari ne da ya tara mutane daga ko'ina tun kafuwar Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga Kwalejin Barewa da sauran manyan makarantu, saboda haka a benci ɗaya na shagon za ka ga ɗalibin harabar jami'ar da ke unguwar Kongo wanda ya zo daga Adamawa, da ɗan acaɓa daga Gyallesu, da dattijo daga Babban Dodo, an kunna abu guda, ɗaya yana share hawaye don dariya, ɗaya yana jiran a zo wurin dariyar. Na taɓa ganin wani matashi ya ce wa wani dattijo, "Baba, wai me ke ba ku dariya a nan?" Dattijon ya amsa masa da cewa, "Ɗana, sai ka yi maigida mai faɗa tukuna." Mai shagon bai goyi bayan kowa ba, ya tura wa kowa nasa.

Akwai wuri guda da na saɓa da shi a hukuncinsa. Duk gajerun bidiyoyin barkwanci da matasa ke yi a TikTok da Facebook, ya tattara su ya zuba a gidan kallo ɗaya, yana mai cewa babu wanda zai rayu shekara biyu a cikinsu. Gaskiya ne mafi yawansu a kan ba-zata da ihu aka gina su, kuma da an gani an gama. Amma akwai 'yan ƙalilan daga cikin waɗannan matasa da suka ƙirƙiri hali guda suka riƙe shi, kamar na uwa mai faɗa ko malamin makaranta mai son a yabe shi ko mai shayi sarkin tsegumi, kuma duk wanda ya bi su a jere zai ga dariyar tana taruwa ne daga wannan bidiyo zuwa wancan, daidai da yadda ta taru ga na da. Gajartar abu ba ta hana shi zurfi. A ganina a nan son zamanin da ya tarar a wurin iyayensa ya rinjayi idonsa, kuma ya kamata ya zauna ya tace su kamar yadda ya tace na Ibro, maimakon ya yi musu kuɗin goro.

Ta fuskar ingancin abin da ake turawa, akwai gyara sosai. Tsofaffin wasannin talabijin an kwafo su ne daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa kwamfuta, sannan aka matse su domin su shiga ƙananan wayoyi, saboda haka hoton yakan dushe, wani lokaci kuma murya takan riga baki ko ta biyo bayansa. A fim na soyayya ana iya haƙuri da wannan. A barkwanci kuwa illa ce babba, domin dariya tana rataye ne a kan daidaituwar lokaci, kuma idan magana ta fito kafin fuska ta motsa, an kashe wurin. Mai shagon ba shi ya jawo lalacewar asalin ba, amma yana da nau'i biyu na wasu fina-finan, mai nauyi da mara nauyi, kuma ƙaninsa yakan tura mara nauyin ba tare da ya tambaya ba, domin ya fi saurin shiga. Wanda zai kalla a talabijin ya kamata ya faɗa tun farko cewa mai nauyin yake so. Sunayen fayil ɗin ma ba su da tsari: wasu lambobi ne kawai, wasu an rubuta sunan ɗan wasa ba sunan fim ba, har yakan faru a tura wa mutum abu ɗaya sau biyu da suna daban-daban, ko a ba shi kashi na ɗaya da na uku babu na biyu. Idan aka koma yana gyarawa ba tare da karɓar ƙarin kuɗi ba, amma wanda ya taso daga Shika ko Basawa ya riga ya yi asarar kuɗin mota.

Abin da ya fi damuna ya wuce batun hoto da murya. A cikin foldar da ya ware wa yara na tarar da wasu fina-finan camama da dariyarsu gaba ɗaya a kan mai in'ina take, ko kurma, ko mai taɓin hankali, ko kuma kwaikwayon Hausar wata ƙabila ta hanyar da ta wuce wasa ta koma wulaƙanci. Wannan ba ya cikin bambancin ra'ayi da na yi magana a kansa a sama. Barkwancin Bazazzagi da Bakano yana da daɗi ne domin kowanne yana da bakin ramawa, kuma dukansu sun san wasa ake yi. Mai lalura ba shi da wannan dama, kuma yaron da ya maimaita kallon irin wannan sau goma zai fita da shi layi ya gwada a kan ɗan maƙwabta. Ƙarfin da maimaici ke da shi wajen cusa magana a bakin yara shi ne ya sa zaɓen abin da za a ba su ya zama amana. Na yi masa magana, ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Gaskiya ne, Malam, zan duba." Ya cire wasu, wasu kuma suna nan. Shawarata ga iyaye ita ce kada su miƙa wa yara memorin sai sun bi shi da idonsu.

Wurin zama ma bai wadatar ba, musamman ga mata. Da yamma bencin waje yakan cika da samari, kuma macen da ta zo sai ta tsaya daga nesa ta aika yaro, wanda hakan ke hana ta cin moriyar abin da ya fi komai amfani a shagon, wato a nuna mata ta zaɓa da kanta. Da zai sa labule ya ware gefe guda da kujera biyu, da ya sami masu saye da yawa da yanzu suke wuce shi.

Akwai kuma batun haƙƙin masu fim, wanda ya shafi sana'ar turi baki ɗaya ba wannan shago kaɗai ba. Waɗanda suka ba mu dariyar nan, da yawansu sun tsufa ko sun rasu sun bar iyali, kuma kuɗin da ake biya a teburin mai turi ba kasafai yake isa gare su ba. Mai shagon ya ce sababbin fina-finai yana sayensu ne ta hannun dillalan da suka yi yarjejeniya da masu shiryawa, amma game da tsofaffin bai ɓoye mini cewa tattaro su ya yi daga hannun mutane ba. Ina ganin darajar abin da ya yi na adana su, domin da yawa da sun ɓace tare da kasusuwan da suka lalace. Duk da haka, ga fim ɗin da mai shi ya saka a tasharsa ta YouTube, ya kyautu wanda ke da hali ya riƙa leƙawa can yana kallo lokaci-lokaci, domin ta nan ne wani abu ke komawa aljihun wanda ya yi wahalar.

Farashinsa bai fi na sauran masu turi na Tudun Wada ba. Yana karɓar kuɗi a kan kowane fim, amma idan mutum zai cika memori sukan yi ciniki a dunƙule, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Yana sayar da memori, kuma a nan ya yi abin a yaba: kasuwa ta cika da na jabu, waɗanda ake rubuta musu gig 32 alhali abin da suke iya riƙewa bai kai rabin haka ba, sai a tura abu ya nuna ya shiga, a je gida ya ƙi buɗewa. Shi yakan cika memorin a gaban mai saye, ya buɗe fayil na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin ya karɓi kuɗi, kuma idan mutum ya zo da nasa yakan gwada masa haka nan kyauta. Memori mai gig 16 ya ishi gida guda idan foldar ajiya kawai ake so, a nau'i mai nauyi.

Wanda zai je, ya fi kyau ya je da hantsi, tsakanin ƙarfe 10 zuwa azahar, lokacin da mai shagon yake shi kaɗai kuma yana da sukunin zama ya nuna abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Bayan la'asar ƙaninsa ne ke kan kwamfuta, layi kuma ya yi tsawo, sai aikin ya koma irin na kowane shago. Ranar Juma'a ba ya buɗewa sai an sauko daga masallaci. Ya kamata mutum ya tafi da sanin waɗanda zai kai wa, da shekarunsu da irin abin da ya taɓa ganin sun yi wa dariya, ya kuma nemi a raba masa folda daban-daban da sunan kowa, domin mai shagon yana yin haka idan an roƙa. Idan ya ba da shawarar wani fim daga foldar ajiya aka kalla aka ji shiru, kada a goge shi a ranar. A bar shi ya yi mako biyu ko uku, a sake kunnawa lokacin da mutanen gida suke zaune tare, sannan a yanke masa hukunci. Idan har a karo na biyun ma bai yi ba, a mayar masa, yana musanyawa da wani ba tare da an ƙara kuɗi ba.